Sanarwar Baba Obadiah

A cocinmu da ke bayan layin dogo a Kafanchan, Baba Obadiah ne mai karanta sanarwa tun ina budurwa. Tsohon malamin firamare ne, dogo, mai taurin kai kamar ƙaho. Da an gama baiko, wato tara sadakar coci, zai miƙe, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya faɗi wanda ya haihu, wanda ke asibiti, da ranar da za a je gonar cittar fasto. Kai, ko tari ka yi a lokacin sai ya harare ka.

Matarsa, Mama Emilia, ita ce uwar ƙungiyar zumuntar matan coci. Ita ta koya wa rabin 'yan matan unguwar nan waƙa da kaɗa tulu. Yanzu duk sun watse, wasu Abuja, wasu Jos, wasu Legas. Burinta ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: ranar da Ubangiji ya kira ta, 'ya'yan nan nata su dawo, su ɗaura zanen zumunta, su raka ta da waƙa.

Hellen, wata malamar sakandare a cikinmu, ta sha roƙon dattawan ikilisiya su bari ta buɗe wa coci shafi a Facebook, don waɗanda ke nesa su riƙa jin labarin gida. Fasto ma ya so. Baba Obadiah ne ya kafe. Ya ce gidan Allah ba kasuwa ba ne da za a riƙa tallarsa a waya.

"Mai son labarin coci ya zo coci," in ji shi. Da wannan aka rufe maganar.

Da damina Mama Emilia ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Lambobin 'ya'yan nata suna cikin 'yar wayarta, wayar kuwa ta ɓace a zirga-zirgar asibiti. Ranar Lahadi Baba Obadiah ya miƙe da kansa ya karanta rasuwar matarsa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. A ganinsa an sanar ke nan. Ranar jana'iza mu tsofaffi ne muka yi waƙar, da muryoyinmu da suka gaji. Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai, don ba haka baiwar Allahn nan ta roƙa ba.

Bayan an girbe masara sai ga Faustina daga Abuja, wadda Mama ta fi ji da ita, ɗauke da sabuwar atamfa da gwangwanin madara, wai ta zo gaishe da Mama. Ta ce ta gaji da kiran layin a kashe, ta nemi sunan cocinmu a waya har ta haƙura, sai na wasu ikilisiyoyi take gani. Baba Obadiah ne ya kai ta bayan gida ya nuna mata kabarin. Ta ajiye kayan a ƙasa, ta yi waƙar ita kaɗai. Shi kuwa yana tsaye, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Washegari ya tafi gidan Hellen da hoton Mama na ranar taron zumunta, ya ce ta buɗe shafin. Shi ne abu na farko da aka ɗora a shafin cocinmu. Kafin azahar saƙonni sun cika, daga Jos, daga Legas, har daga ƙasar waje, kusan duk tambaya ɗaya suke yi: me ya sa ba wanda ya faɗa musu?

Hellen ta karanta masa kaɗan, ta ga idonsa, ta kife wayar a cinya.

"Ci gaba, 'yata," ya ce. "Ni suke tambaya."

Har yanzu shi ke karanta sanarwa. Amma da an tashi daga coci zai tsaya a bakin ƙofa yana jiran Hellen, ya tambaye ta ko ta sa wa na nesa.