Gefen da Burulkan Ta Bari a Buɗe

Burulkan ba ta taɓa yabon ɗinkin kowa ba, kuma ba ta ɓoye hakan ba. In ka miƙa mata aikinka, juya bayansa take yi, ta sa farce ta ja zare ɗaya. Ni da muka yi makaranta tare a garin At-Bashi, sau uku tana warware mini surfani a gaban uwar mijina.

"Kalbubu, wannan ƙahon rago ne ko wutsiyar kare?" Haka take ce mini.

Mun haura saba'in aka ɗauke mu aiki a wata cibiyar zane-zane a Bishkek, babban birninmu, tsohon sito ne da matasa suka shafe da farin fenti. Su suna rataya tsofaffin shimfiɗunmu na ulu kusa da talabijin da ƙarafuna, mu muna kusurwa muna koya wa masu shigowa riƙon allura. Nurzat, shugabar wurin, ta sha roƙon Burulkan, tana kiranta Apa, wato uwa: "Apa, don Allah ki daina kore mini baƙi."

"To su daina ɗinki kamar masu ɗaure bakin buhu."

A bangon ƙurya aka rataya tush kiyiz ɗinta, babban ƙyallen bango da ta shekara huɗu tana yi wa 'yarta Meerim saboda ɗakin aure. Gefe uku ta kalmashe su da jan karan-miski. Na ƙasa a buɗe yake, yadda iyayenmu ke barinsa, don rayuwar mai shi ba ta ƙare ba. Meerim ba ta yi auren ba. Ta tafi Rasha aikin goge benaye, ta shekara biyu tana kira duk Lahadi, daga nan shiru har shekara tara. Burulkan ta yarda a rataya ƙyallen ne kawai don Nurzat ta ce hotonsa zai yi yawo a wayoyi har Rasha, da sunan Meerim a ƙarƙashi.

Wani mai zane ya taɓa ba da shawarar a rufe gefen ƙasan da ƙananan fitilu. Da sandarta ta raka shi ƙofa.

Hoton kuwa ya yi yawo. Bayan wata biyar wata mata 'yar garin Osh ta shigo, ta daɗe tsaye gaban ƙyallen, sannan ta tambayi wace ce uwar Meerim. Ɗaki ɗaya suka zauna da Meerim a Rasha. Ciwon huhu ne ya yi ajalinta, in ji matar, a hunturun shekara ta uku. Matan ɗakin ne suka yi mata wanka, aka binne ta. Wayarta a kulle take, ba su san kowa nata ba.

Burulkan ta zuba wa matar shayi, ta tura mata burodi. Ba ta yi kuka a gabanmu ba.

Bayan addu'ar arba'in ta dawo da sauran jan karan-miskin, wanda ta adana tun lokacin. Ta durƙusa gaban bangon, ta zura zare a allura tashi ɗaya, ba ko gilashi. Sai ta tsaya. Na ga shayina ya huce, ita ba ta soka ko sau ɗaya ba.

Na ce, "Kawo in fara miki."

"Ke? Da wutsiyar karen taki?"

Amma ta miƙo. Na yi ɗinki ɗaya, ya karkace, na sani. Ta kalle shi, yatsanta ya motsa, ta maida hannun cikin aljihu. Sannan ta kira Nurzat.

"'Yata, ki ajiye kujera a nan, da allura. Duk wanda ya shigo ya soka sau ɗaya, har da mai fitilun nan. Ni ba zan iya rufe wa Meerim gefen nan da hannuna ba. In kuma kun ga na kai hannu zan warware, ku riƙe ni."