Guzurin da Ya Kai Mu Paris

Wahala dai na sha ta, ba zan ɓoye wa kowa ba. Kwana biyar a kan sirdin keke, cinyoyina kamar an daka su a turmi, mazaunai kuwa ba a magana, sai da na yi sati biyu ina zama a karkace bayan na dawo. Amma ko yau aka ce a sake, ni ne na farko a layi. In dai da raina, tafiyar nan ba za ta fita daga kaina ba.

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu ne abin ya faru. Na daɗe ina aiki da wani kamfanin shara a Birmingham, rana ɗaya aka ce an rage aiki, an rage mutane, da ni a ciki. Wata bakwai ina zaune a flat ɗinmu a Erdington, daga kujera sai taga, daga taga sai kujera. Tumbi ya fito, GP, wato likitan unguwarmu, ya ce jinina ya hau, in nemi abin motsa jiki. Ni ban yi boko mai nisa ba, a firamare na tsaya. Mutanenmu da nake haɗuwa da su a masallaci a Sparkbrook kuwa yawancinsu likitoci ne da injiniyoyi da akantoci. Nakan gaisa da su in koma gefe.

Wata Juma'a bayan an idar na ji suna shirin tafiya Faransa a keke, su da 'yan uwanmu na Manchester, daga bakin teku har Paris. Ban san lokacin da bakina ya ce "da ni za a je" ba. Suka kalli tumbina suka yi dariya. Na ce ku yi dariyarku, lokacin da kuke koyon ABCD ni ina ɗauko buhun gero biyu a keke daga Dawanau zuwa Kurna. Aka rubuta sunana, na zama na goma.

Shugaban tafiyar wani likita ne daga Manchester, na girme shi da kusan shekara goma, mutumin kirki amma mai son doka. Ya ce kowa ya rage kaya iya iyawarsa, abinci a hanya za a riƙa saya. Ya kuma ce duk wanda ya kasa bin tawaga, za a sa shi a jirgin ƙasa ya koma gida. Wannan maganar ta jirgi ita ta tsaya mini a wuya. Mutumin da aka sallama daga aiki, a sake sallamo shi daga kan keke? Da wane ido zan shigo gida?

Matata ba ta san da dokar Likita ba, ko da ta sani ma ba ruwanta. Kwana biyu ta yi a kicin. Dambun nama roba uku, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, cincin, dabino. Na ce mata an ce fa a rage kaya. Ta ce, "Malam, wa ya taɓa shiga ƙasar da bai san bakinsu ba babu guzuri? Su likitocin uwarsu ba ta gaya musu ba?" Da hannunta ta ɗaure kayan a kariyar keke, ta ja igiyar da ƙafa kamar mai ɗaurin itace.

Da muka haɗu a bakin jirgin ruwa na ga kekunansu, sai na gane inda na kawo kaina. Keke ne da za ka ɗaga da yatsa biyu. Kowa ya matse cikin riga da wando kamar an zuba shi a ciki. Ni kuwa tsohon baƙin keke na ƙarfe zalla, da ƙararrawarsa, na cusa ƙafar wandona a safa. Wani injiniya mai yawan tsokana ya zagaya ni sau biyu ya ce, "Baba, shago za ka buɗe a Paris?" Daga ranar sunana ya koma mai shago.

To amma muna sauka a Dieppe na rama. A can hannun dama ake tuƙi kamar gida Najeriya. Su da suka shekara ashirin a Ingila duk suka rikice a shataletalen farko, ɗaya ya shiga ta hagu wata mota ta danna masa hon. Ni ko sai na ji kamar a titin Katsina nake, na wuce su ina kaɗa ƙararrawa.

Kai, ƙasar nan Allah ya yi mata kyau. Gonakin alkama har inda ido ya tsaya, shanu manya-manya suna kiwo babu makiyayi babu sanda, ƙauye kowanne da dogon cocinsa da furanni a tagogi. Tsofaffi na zaune a ƙofar gida suna ce mana bonjour, ni ma na koya, har shanu sai da na gaisar. In muka samu gangara, nauyin kayana ya zama alheri, sai in sako kamar tirela, iska na shiga rigata, ina dariya ni kaɗai kamar yaro. Rabona da irin wannan dariyar tun kafin a sallame ni. Amma in aka zo tudu, nan asirina yake tonuwa. Su haye kamar awaki, ni in sauka in tura, in tarar da su a sama sun gaji da jira. Na yi ta miƙa musu dambu, su ce, "Too oily, Baba," su tsotsi wani abu mai zaƙi a 'yar leda.

Ranar Asabar da yamma muka shiga Rouen, babban gari, cocinsa sai ka karya wuya kafin ka ga ƙarshensa, kowa na tafe da burodi dogo kamar gora a hammata. Ina cikin kallon ikon Allah Likita ya ja ni gefe.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. You're holding us back. Ko dai ka sauke kayan nan a nan, ko kuma in mun kwana a Beauvais gobe, jibi da safe ka hau jirgi."

Na ce, "Likita, abincin da matata ta yi kwana biyu a tsaye a kansa zan zuba a bola?"

Ya ce, "To ka zaɓa."

Na kwanta da abin a raina. Da safe na tsaya a gaban kwandon shara da roba ɗaya a hannu, na buɗe, ƙamshin ya bugi hancina, na mayar na ɗaure. Na ce in jirgin ne rabona, to da guzurina zan hau.

Ranar Lahadi ce. Muka karya da kofi da wani ɗan burodi da ba ya kai wa ko'ina, aka ce a ƙauyen gaba za a ci na rana. Abin da duk iliminsu bai gaya musu ba shi ne ƙauyen Faransa ba titinmu na Stratford Road a Birmingham ba ne. Mu mun saba kowane lokaci ka fita za ka samu shago a buɗe da kaza a wuta. Can kuwa Lahadi in rana ta yi tsaka, kowa ya ja ƙofarsa. Ƙauye na farko a rufe. Na biyu ko kare ba mu gani ba. A na uku muka samu wuri ɗaya a buɗe, babu komai sai giya da burodi da naman alade a ciki. Suka fito suna duba waya, suka ce a ƙara gaba. Suka bar ni a wani dogon tudu kamar yadda suka saba.

Wajen ƙarfe uku na turo kekena saman tudun, sai na ga kekuna tara a kwance cikin ciyawa, masu su ma a kwance. Injiniya ya rufe fuska da hula. Likita na zaune ya jingina da shinge, leɓensa ya bushe. 'Yan ledojinsu sun ƙare tun hantsi, ga sauran tafiya mai nisa kafin Beauvais.

Na kafe kekena, na kwance igiya a hankali, na shimfiɗa ɗankwalin da matata ta naɗe robobin da shi, na jera su ɗaya bayan ɗaya. Sannan na kaɗa ƙararrawa sau biyu na ce, "An buɗe shago."

Ban taɓa ganin manyan mutane sun rarrafo da sauri haka ba. Babu mai magana, sai ƙarar ƙuli-ƙuli a haƙora. Injiniya ya cika baki da dambu, na ce masa, "A hankali, ka ce fa mai ya yi yawa." Ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, na tuba." Likita ya ci dabino bakwai a jere kafin ya ɗago kai.

Muna cikin haka wata tsohuwa ta fito daga gidan gonar da ke bayan shingen. Na ɗauka korarmu za ta yi. Ta dube mu, ta koma, ta dawo da tulun ruwa da tuffa cike da kwando. Na miƙa mata dambu, ta ɗanɗana, ta yi wani dogon yare, ta sake miƙo hannu. Ba ta jin nawa ba na jin nata, amma mun yi hira sosai. Da ruwanta muka yi alwala, muka haɗa azahar da la'asar a gefen gonarta, tana tsaye tana kore mana kaji.

Sauran hanyar ranar kamar biki. Kekena ya yi sauƙi, cikinsu ya yi nauyi, karon farko ina tsakiyar tawaga muna tafe muna waƙoƙin makarantar allo. Muka shiga Beauvais rana na faɗuwa. Likita bai ce mini komai a kan jirgi ba, ni ma ban tambaya ba, amma na ga tashar da idona, tana nan dab da masaukinmu.

Yanzu mutane in sun ji labarin, Paris suke tambayata, ko na ga doguwar hasumiyar nan ta ƙarfe. Na gan ta, na taɓa ta da hannuna, hoton yana nan a falo. Amma abin da na ɗauko daga tafiyar ba shi ne ba. Na tafi ina ganin kaina kaya ne a cikin mutane, wanda ake haƙuri da shi. Na dawo na san cewa a tafiya ba a raina abin da wani ya ɗauko, kuma wanda ke baya ba lallai ne shi ne mara amfani ba. Na kuma daina musu da matata a kan guzuri.

Washegarin shigarmu Beauvais da safe, Litinin ke nan, na fito na fara ɗaure ragowar roba ɗaya da rabin ledar dabino. Likita ya zo ya tsaya a kaina, na ce to, ga sallama ta zo. Sai ya sunkuya ya ɗauki robar, ya cusa ta a aljihun bayan rigarsa, ta yi masa ƙozo kamar raƙumi. Ya ce, "Baba, yau kai ne a gaba, mu bi saurinka." Na cusa wandona a safa, na hau, na ja mutum tara a bayana. Da muka zo daidai ƙofar tashar jirgin, ban ko waiwaya ba, na dai kaɗa mata ƙararrawa sau biyu na miƙi hanyar Paris.