Ranar da Ƙuda Ya Kunyata Malamin Gona

Ko da zan manta da komai na aikin gwamnati, ranar nan ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ba a daɗe da sako ruwan Tiga cikin kwatamai ba, aka turo ni wajen Bunkure a matsayin malamin gona. Ina da sabon keke da takardar makaranta, ina ji kamar ni na ƙirƙiro noman rani.

Gonar gwajin da aka ba ni ta kabeji ce, tana maƙwabtaka da ta wani dattijo. Wata safiya na ga wasu ƙudaje masu zanen rawaya da baƙi kamar zuma, suna tsayawa cak a iska bisa furen albasar da ya bari a bakin fangali. Nan take na yanke musu hukuncin kisa.

"Baba, a yi feshi yau, waɗannan za su cinye mu."

Ya ce, "Malam, ba sa harbi, ba sa cin ganye. Tsutsarsu ce ke cinye mana darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye."

Na yi dariya, na tambaye shi a wace makaranta ya karanta. Ya koma kan aikinsa. Na saɓa famfo na wanke gonata da magani har sau biyu.

Bayan 'yan makonni darɓa ta dawo, ba mai cin ta. Kabejina ya nannaɗe, ya yi danƙo. Nasa kuwa shar. A makon ne babban jami'inmu ya zo daga Kano duba aikina. Yana sauka daga mota ya zarce gonar dattijon, ya ɗauka tawa ce, ya shiga yabona a gaban manoma, yana cewa su ga amfanin ilimi. Ni kuma, don rashin kunya, har da gyaɗa kai.

Dattijon ya bari ya gama, sannan ya dube ni a hankali ya ce, "Malam, kai za ka nuna masa taka, ko in raka shi?"

Manoman suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Dattijon ya juya ganye ɗaya, ya nuna wa jami'in wata koriyar tsutsa tana tsotse darɓa. Ni ma ranar na fara ganin ta.

Ba a kore ni ba, amma na shekara ana kirana Malam Feshi. Tun daga nan na koyi cewa kafin ka kashe abu a gona, fara tambayar wanda ya riga ka zama a wurin me abin ke ci.