Kwanukan Ta'aziyyar Delia

Ranar Talatar nan Corinne Vasko ta tashi da asuba kamar kullum, ta haɗa kofi, ta yi wa 'yarta Delia faɗa kan takalman da ta tara a bakin ƙofa.

"Mama, duk garin nan ni kaɗai ke morar ƙafa," in ji Delia. "Ki bar ni da dukiyata."

Gaskiya ta faɗa. Larkin Falls wurin kwana ne kawai. Da sassafe manya su tuƙa mota zuwa tashar jirgin ƙasa, su wuce birni aiki, sai magariba su dawo. Kowane gida mota biyu. Corinne ma ta bi jirgin, don a birni take koyar da lissafi. Da hantsi Delia ta turo mata hoton kyanwarsu kwance cikin kwandon wanki. Da azahar ta tambaya ko akwai sauran madara. Da la'asar ta taso daga makaranta, ta kama titin tasha za ta taryi uwarta. Titin ba shi da hanyar masu tafiya a ƙasa, daga kwalta sai ciyawar gidajen mutane. A lanƙwasa wata mota ta kwashe ta. Shekararta goma sha shida.

Bara an kawo maganar shimfiɗa wannan hanya a taron gari, inda ake ƙuri'a da ɗaga hannu. Maƙwabcinsu Gordon Haskell, mai alfahari da ciyawar ƙofar gidansa, shi ya miƙe.

"Jama'a, wa ke yawo a ƙasa a nan? Ku yi hanya, gobe 'yan hayar ƙetaren layin dogo su cika ƙofar gidajenku, darajar gidajen ta faɗi. Kwanciyar hankali muka biyo."

Aka yi dariya, hannayen masu adawa suka tashi, magana ta mutu. Corinne na kujerar baya, ta ga hannun kowa.

Al'adar garin ce idan an yi rashi maƙwabta su kawo gasasshiyar taliya da cuku, kowa ya liƙa sunansa a gindin kwanonsa, don a wanke a mayar masa. Kwanuka suka cika firij ɗin Corinne. Ba ta ci ko loma ba. Sai ta ji za a sake ƙuri'ar, kuma Gordon na bin gidaje yana cewa kada baƙin ciki ya sa a yi gaggawa.

Ta zubar da abincin, ta wanke kwanukan tas, ta kife su tana karanta sunaye. Na waɗanda suka goyi bayan hanyar ta mayar da godiya. Sauran kuwa, cikin kowanne ta sa warin takalmin Delia guda, duk dunduniya ta cinye, ta rufe da murfi. Ta bi gida gida da rana tsaka. Cikin na Gordon ta sa wanda 'yan sanda suka tsinto a cikin ciyawarsa.

Ya buɗe a bakin ƙofa, ya ga takalmin.

"Haba maƙwabciya! Ai ba ni na tuƙa motar ba."

"Na sani, Gordon. Kai hannu kawai ka ɗaga. Taliyarka kuma ko loma ban ci ba."

Ranar taro ta zauna a kujerar gaba, ta juya ta fuskanci jama'a. Da aka nemi masu adawa, ba hannun da ya wuce kafaɗa. Aka amince da hanyar, kuma daga ciyawar Gordon za a fara yanka.

Washegari ya zo da takalmin cikin leda.

"Kin samu abin da kike so. Karɓi kayanki, matata ba ta iya barci."

"Kwano ake mayarwa a garin nan," in ji Corinne. "Takalmi naka ne." Ta rufe ƙofa.

Tufafin Delia da littattafanta da kekenta ta loda a mota, ta kai wa 'yan hayar ƙetaren layin dogo, ta ce musu hanyar za ta kai har tasha, su riƙa bi safe da yamma. Sauran warin takalman ta jera a bakin ƙofarta, inda Delia ta saba zubar da su.