Ɓarawon Kifina Ƙafa Takwas Gare Shi

Jama'a, yau na kama ɓarawon kifina!

Kun san 'ya'yan tarwaɗan da na ajiye cikin kwatarniya a ɗaki, zan zuba a sabuwar rijiyarmu. Kullum sai ɗaya ya ɓace. Na rantse kyanwar Inna ce. Shekaranjiya na cusa ta a buhu, na taka da ƙafa har garin Rawayau na yar da ita, Inna tana kuka.

Yau da hantsi na ɗaga faifan da na rufe kwatarniyar da shi, sai ga ƙaton gizo-gizo tsaye a kan ruwa, riƙe da kifina! Na ƙwala ihu. Maƙwabcina Malam Sule masunci ya leƙo, ya ce, "Wannan ai na bakin tafki ne. Dubi farin zanen gefensa. Ba ya saƙa, kifi yake kamawa. Cikin ciyawar ruwan da ka kwaso ya shigo."

Ashe ni na kawo shi da hannuna!

Na rarumi takalmi, la'anannen ya nutse. Na maka wa kwatarniyar, ta dare biyu.

Inna ta miƙo mini buhun nan. Ta ce, "Ka san hanyar Rawayau. Kada ka dawo mini da shi wayam."