Raƙumin da Ba Ya Ƙoshi

A tashar Tawa, inda Rahamatu take jiran motar Barmu, wata tsohuwa tana zaune a inuwar itacen bedi, ta jera garkenta a kan tabarma. Awaki ne da jakuna da raƙuma, duk ta ɗinka su da tsofaffin zannuwa da riguna, ta cusa musu auduga. Gilashin idonta ƙafa ɗaya gare shi, zare ne ke riƙe da ɗaya gefen. Fari ya cinye dabbobin mutane, nata kuwa ko dusa ba sa nema. Har akwai akuyar da ta yanko daga atamfar jam'iyya, rabin fuskar ɗan takara ya faɗo daidai gindinta.

Duk wanda ya taya, da dariya take sallama masa. Amma da Rahamatu ta ɗauki wani raƙumi na baƙin saƙi, mai aikin wuyan babbar riga a tozonsa, ta ce, "Inna, wanga fa?" sai tsohuwar ta karɓe shi da sauri.

"Bai ƙoshi ba tukuna, ɗiyata. Dubi haƙarƙari nai."

Raƙumin kuwa ya cika tim kamar tulu. Ta farke cikinsa, ta ƙara auduga, ta ɗinke a hankali. Da gani wurin ya sha farkewa.

Rahamatu ta raya a ranta cewa rigar wani ce da ya tafi Abijan cin rani bai dawo ba. Ba ta tambaya ba, ta sayi akuyar siyasa.

Da mota ta tashi, ta hango tsohuwar tana sunsunar tozon raƙumin, sannan ta mayar da shi can bayan garke, inda idon mai saye ba ya kaiwa.