Fim ɗin abokina da shagona na Mansur

Shekarun baya, lokacin da faifan bidiyo ke tashe, ina da ɗan shago a unguwar Mansur, can garin Harami, inda nake sayar da fina-finan Hausa. Wani dillali ke kawo mana kaya daga Jidda, wakilin manyan masu shirya fim na gida. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in kana son fim ɗin jarumin da mata ke nema, sai ka haɗa da tarkacen da babu mai tambaya.

Ina da aboki tela, mutumin Maraɗi, a unguwar Utaibiyya. Da ya je hutu gida sai ya tara samarin unguwarsu, ya zuba guminsa na shekaru ya yi fim. Ya kawo min faya-fayan a kwali. Na jera su a gaba-gaba.

Da dillalin ya zo ya gani, sai ya ce, "Alhaji, wannan na wane ne?"

Na ce na ɗan'uwana ne.

Ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Ko nasa, ko namu."

Ni kuwa na bugi ƙirji na ce ya kwashe nasa, arziki na Allah ne. Ashe jarumtar ta baki ce mai sauƙi. Hajiyoyi su leƙo su tambayi sabon fim, in miƙa musu na abokina, su juya shi su ce, "Ba mu san fuskar kowa ba a nan." Sai su wuce shagon maƙwabcina. Har ƙudan shagon na fara ganewa ɗaya-ɗaya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga Harami, abokina ya shigo ya fara mayar da faya-fayansa cikin kwali. Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Malam, sake ni. Kana da iyali. Ni keken ɗinkina na nan."

Daga baya na karanta cewa haka manyan kamfanonin Amurka suka yi tun farkon sinima: gidajen kallo nasu, jarumai nasu, fim kuma a ƙunshe suke sayar da shi. Ƙarami bai da ƙofar shiga.

Har yau in aka tambaye ni ko fim ɗin abokina ya yi kyau, sai in rasa amsa. Ni na kalla ina son mai shi, don haka shaidata ba ta karɓuwa. Waɗanda ya kamata su yanke hukunci kuwa, ba a taɓa bari sun gani ba.